Gardamar ƙwallo a Ostiraliya: ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare

A mafi yawan ƙasashen duniya idan aka ce ƙwallo babu mai tambayar wace iri ake nufi. Balo ce, mai mutum 11 a kowane gefe, wadda mai tsaron gida kaɗai ke da izinin kama ta da hannu. A ƙasar Ostiraliya kuwa abin ba haka yake ba. Can wasanni huɗu ne ke amsa sunan ƙwallon ƙafa, kowane da dokokinsa, da ƙungiyoyinsa, da jama'arsa. Kowace shekara, daga ƙarshen watan Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da manyan gasanni biyu na ƙasar ke yin wasanninsu na ƙarshe, tsohuwar gardama takan tashi a jaridu da gidajen rediyo da wuraren hira: ƙungiyoyin wane wasa ne suka fi farin jini, kuma magoya bayan wa suka fi riƙon amana? Gardamar tana kama da ta nishaɗi, amma a kanta ne ake raba kuɗin telebijin, a kanta ne gwamnatoci ke gina filayen wasa, kuma da hujjarta aka taɓa rushe ƙungiyoyin da suka haura shekara ɗari.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin wasannin. Na farko shi ne ƙwallon Ostiraliya, wanda aka rubuta dokokinsa a birnin Melbun a shekarar 1859. Mutum 18 ke bugawa a kowane gefe, a wani makeken fage mai siffar ƙwai, ana harbin ƙwallo da ƙafa ana kuma cafe ta da hannu. Babbar gasarsa ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18 tun daga 2012, kuma 10 daga cikinsu suna jahar Biktoriya, inda Melbun take. Na biyu shi ne rugbi mai mutum 13. Asalinsa arewacin Ingila ne, inda a 1895 ƙungiyoyin ma'aikatan ramukan gawayi da masaƙu suka ɓalle daga rugbin masu hali, domin an hana a biya ɗan wasa ladan ranar aikin da ya rasa. An fara gasarsa a birnin Sidni a 1908, kuma babbar gasar, wadda ake kira NRL, ta kai ƙungiyoyi 17 a 2023. Na uku shi ne rugbi mai mutum 15, wanda ya fi kafuwa a makarantun ƴaƴan masu hali. Ƙasar ta ci kofin duniya da shi a 1991 da 1999, amma ƙungiyoyinsa ba su tara jama'a kamar na biyun farko. Na huɗu ita ce balo, wadda baƙin da suka zo daga Girka da Italiya da Kuroshiya bayan yaƙin duniya na biyu suka raya a unguwanninsu, kafin a fara gasar A-League a 2005.

Waɗannan wasanni ba su raba ƙasar daidai wa daida ba. A 1978 wani masanin tarihi mai suna Ian Turner ya ja layi a kan taswira, ya sa masa sunan shahararren ɗan wasan nan Ron Barassi. Gabas da layin akwai jahohin New South Wales da Kwinsland, inda Sidni da Birisben suke, kuma nan rugbi mai mutum 13 ke sarauta. Kudu da yamma da layin, wato Biktoriya da Tasmaniya da jahohin da biranen Adeled da Pas suke, na ƙwallon Ostiraliya ne. Jahohin rugbi biyu ne kawai, amma fiye da rabin mutanen ƙasar a cikinsu suke zaune. Yaro yakan tashi ya tarar da wasan da ake yi a unguwarsu da rigar da ubansa ke sawa, ya ɗauka ba tare da an tambaye shi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kowa da tiyarsa

Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne kowane ɓangare yakan zo kasuwa da tiyarsa, ya ce da ita za a yi awo.

Tiyar mutanen Melbun ita ce yawan waɗanda ke zuwa fili da ƙafarsu. A nan babu mai ja da su. A kakar 2024 kowane wasan AFL ya tara sama da mutum dubu 35 idan aka raba daidai, alhali na NRL bai wuce kimanin dubu 20 ba. Babban filin Melbun, wanda ake kira MCG, yana ɗaukar mutum dubu 100, kuma yakan cika a ranar wasan ƙarshe. A 1970, lokacin da ake barin mutane su yi kallo a tsaye, mutum dubu 121 da 696 suka shiga kallon Carlton da Collingwood. Bayan wannan akwai kartin zama mamba, wanda mai goyon baya ke saye kowace shekara. A 2018 masu kartin ƙungiyoyin AFL suka kai miliyon 1, a 2024 suka haura miliyon 1 da dubu 300, wato kusan mutum ɗaya cikin 20 na ƴan ƙasar duka. Richmond ce ta fara kai mamba dubu 100 ita kaɗai a 2018, daga baya West Coast da Collingwood da Carlton suka bi sawunta.

Wannan yawa yana da dalilai. Layukan jirgin ƙasa na Melbun duk a tsakiyar gari suke haɗuwa, kuma manyan filaye biyu da ƙungiyoyin birnin ke wasa a cikinsu suna nan kusa, ana isa da ƙafa daga tasha. Fagen wasan kuma yana da girma ƙwarai, har akwatin telebijin ba ya iya nuna abin da ke gudana a ko'ina lokaci ɗaya, sabo da haka wanda ya je fili ya fi wanda ya zauna gida gani. Sannan a yawancin tsofaffin ƙungiyoyin Biktoriya karti yana ba mai shi ƙuri'a wajen zaɓen shugabanni. Amma tiyar tana da ɓoyayyen rami. Cikin lissafin ana sa kartin yara da kartin wasanni uku kacal, kowane a ƙirga shi mutum guda daidai da wanda ya biya kuɗin shekara. A watan Maris na 2024, da aka buɗe rajistar sabuwar ƙungiyar Tasmaniya wadda aka shirya shigarta gasa a 2028, an sayar da karti sama da dubu 100 cikin ƴan kwanaki, kowane a kan dolar Ostiraliya 10. Ƙaunar mutanen tsibirin ga wasan tsohuwa ce, babu shakka, amma arhar kartin ta taimaka wa lissafi.

Tiyar mutanen Sidni da Birisben ita ce telebijin. Fagen rugbi ƙarami ne mai kusurwa huɗu, ƴan wasa suna jere a sahu biyu suna fuskantar juna, kusan komi yana shiga cikin akwati. Sidni kuma birni ne mai faɗi, teku da koguna sun yayyanka shi, zuwa fili yana cin lokaci, kuma wasu ƙungiyoyin suna riƙe da ƙananan filayen unguwa irin na Leichhardt, wanda bai fi ɗaukar mutum dubu 20 ba. Akwai wani dalili na tarihi. Tun daga 1956, da jahar ta halatta injinan caca a gidajen shaƙatawa na ƙungiyoyi, ƙungiyoyin rugbi da yawa na Sidni sun dogara da ribar waɗannan gidaje, sabo da haka sun daɗe ba su matsu da neman masu sayen karti ba. Abin alfaharinsu shi ne karawar da ake yi tsakanin zaɓaɓɓun ƴan wasan New South Wales da na Kwinsland, wadda aka fara a 1980. Wasanni uku ne a shekara, kuma kullum suna cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a ƙasar. A 2015, da aka kai ɗaya daga cikinsu Melbun, mutum dubu 91 da 513 suka shiga MCG. Sai dai wannan tiya ma ba ta raba gardama. Shugabannin NRL sukan ƙirga yawan masu kallon kowane wasa, na AFL kuma su ƙirga awoyin da aka yi ana kallo, tun da wasansu ya fi tsawo, kowa ya fito da takarda mai nuna shi ne a gaba. Abin da ba ya da musu shi ne kuɗi: a 2022 AFL ta sayar da izinin nuna wasanninta na 2025 zuwa 2031 a kan dolar Ostiraliya miliyar 4 da rabi.

Masu balo su ma suna da tasu tiyar, wato yawan masu bugawa. A duk faɗin ƙasar balo ta fi sauran ukun yawan yara da manya masu shiga fili su taka leda. Ran 16 ga Agusta 2023, da ƙungiyar mata ta ƙasar ta kara da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a Sidni, mutum sama da miliyon 11 suka leƙa wasan a telebijin, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara irin wannan ƙidaya a 2001. Duk da haka, a kakar 2023 zuwa 2024 wasannin A-League ba su kai ga tara mutum dubu 10 kowane ba idan aka raba daidai. Yaron da ya buga balo da safiyar Asabar, da maraice rigar Collingwood ko ta Broncos zai sa, ko ko ya tashi tsakar dare ya kalli gasar Ingila. A 2013, da Liverpool ta zo wasan sada zumunta da Melbourne Victory, mutum sama da dubu 95 suka cika MCG, mafi yawansu da jar rigar baƙi.

Ranar da miya ta ƙare

Tiyoyin nan uku kowace tana faɗin wani yanki na gaskiya. Aibinsu ɗaya ne: duk a ranar daɗi ake awo da su. Ƙungiyar da ke cin wasa takan cika fili, ta sayar da karti, ta ja masu kallo, kuma da yawa daga cikin waɗannan mutane za su watse da zarar ta fara shan kashi. Wanda ke son sanin nauyin goyon baya na gaske sai ya dubi abin da jama'a suka yi ranar da aka ce za a kashe ƙungiyarsu. Tarihin ƙasar ya ba da misalai a gefe biyu na layin.

A watan Oktoba na 1989 hukumar gasar Biktoriya ta sanar cewa za a haɗe Footscray, ƙungiyar unguwar ma'aikata da ke yammacin Melbun, da Fitzroy, domin bashi ya yi mata katutu. Ƙungiya ce da ta taɓa cin kofi sau ɗaya tak, a 1954. Magoya bayanta suka kai ƙara kotu, aka ba su sati uku su nemo kuɗi. Suka bi gida gida da gwangwani, suka tsaya a mahaɗar hanyoyi, suka tara fiye da dolar miliyon 1 da rabi, aka fasa haɗin. Ita ce Western Bulldogs, wadda ta ɗauki kofi a 2016, shekara 62 bayan na farko. Haka ma a 1996 mambobin Hawthorn suka ƙi yarda a haɗe su da ƙungiyar Melbourne, kuma ƙungiyar da aka ce ba za ta rayu ita kaɗai ba ta ci kofi sau huɗu tsakanin 2008 da 2015.

A gefen rugbi abin ya fi tsanani. Daga 1995 zuwa 1997 an yi yaƙin telebijin a kan wasan, tsakanin tsohuwar hukuma da kampanin News Limited na Rupert Murdoch, har a 1997 aka yi gasa biyu a ƙasa ɗaya. Da aka sasanta aka kafa NRL a 1998, sai aka yanke cewa ƙungiyoyi 14 kaɗai za su rage daga shekarar 2000, aka kuma fito da ma'auni na kuɗi da yawan ƴan kallo. Wasu suka haɗe don su tsira. South Sydney, ƙungiyar unguwar Redfern ta talakawa da ƴan asalin ƙasar, wadda ke cikin waɗanda suka kafa gasar a 1908 kuma ta fi kowa yawan kofuna, ta ƙi haɗewa a ƙarƙashin shugabanta George Piggins. A Oktoba 1999 aka fitar da ita. Bisa ma'aunin masu ofis, ƙungiya ce marar jama'a. A Nuwamba 2000 kimanin mutum dubu 80 suka fito titunan Sidni suna neman a maido ta, cikinsu har da masu rigunan ƙungiyoyin da ke gaba da ita a fili. A Yuli 2001 kotun tarayya ta ba ta gaskiya, ta koma gasa a 2002. A 2003 kotun ƙoli ta juya hukuncin, amma babu wanda ya sake yunƙurin korar ta.

Ba kowa ya tsira ba. Fitzroy, wadda aka kafa a 1883 kuma ta ci kofi takwas, bashi ya kayar da ita a 1996, aka haɗe ta da ƙungiyar Birisben, aka sami Brisbane Lions. Wasu masoyanta sun bi ta zuwa arewa da zuciya, wasu sun daina kallon gasar ɗungum, wasu kuma sun riƙe sunan a gasar ƴan sa kai, a tsohon filinsu na unguwa. North Sydney Bears, wadda ita ma ta 1908 ce, ta fita daga babbar gasa bayan 1999, amma mutanenta suka raya ta a ƙaramar gasa shekara 25, har a 2025 aka sanar cewa sunan zai dawo a 2027 tare da sabuwar ƙungiyar birnin Pas. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ƙidayar telebijin ta san da zamansa a shekarun da ƙungiyarsa ba ta cikin akwati.

Hujjar masu riƙe da asusu

Masu gudanar da gasannin suna da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Sukan ce ƙauna ba ta biyan albashin ɗan wasa, kuma wasan da ya tsaya a unguwannin birni ɗaya ƙarshensa tsukewa. Sukan nuna South Melbourne, wadda aka ɗauke daga Melbun aka kai Sidni a 1982, ta zama Sydney Swans mai dubban mambobi a tsakiyar ƙasar rugbi. Sukan nuna Melbourne Storm, ƙungiyar rugbi da ta fara wasa a 1998 a gidan abokan hamayya, ta ci kofi a 1999 gaban mutum dubu 107 da 999. A 2024 wasan ƙarshe na AFL tsakanin Birisben da Sidni aka yi shi, biranen rugbi biyu, a 2025 kuma Birisben ta haɗa kofunan gasannin biyu, na Lions da na Broncos. Layin Barassi, in ji su, ya soma gogewa.

Gaskiya ne ya dusashe, amma a dubi yadda abin ya faru. Swans ta yi ta ƙarshe a gasa shekara uku a jere, daga 1992 zuwa 1994, ta kusa rushewa, kuma farfaɗowarta ta zo daidai lokacin da yaƙin telebijin ya ɓata wa mutanen Sidni rai da rugbi. Ba ta ci kofi ba sai 2005, shekara 23 bayan ƙaura. Ko a lokacin tana sanye da ja da fari na tsohuwar unguwarta, da haruffan tsohon sunanta a bayan riga, kuma jikokin mutanen South Melbourne suna cikin masu cika mata fili duk ranar da ta zo Melbun. A ɗaya gefen, GWS Giants, wadda AFL ta dasa a yammacin Sidni a 2012 ta kuma zuba mata kuɗi masu yawa, ta kai wasan ƙarshe a 2019, amma shekara da shekaru taronta yana cikin mafi ƙanƙanta a gasar. Kuɗi yana gina fili ya sayo ƴan wasa cikin shekara biyu. Jama'ar da za su gaji ƙungiya daga iyayensu kuwa sai an jira yaran da aka kai kallo sun girma sun kawo nasu. Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

To, wa ya fi? Idan zancen zuwa fili ne da biyan kuɗin karti, ƙungiyoyin ƙwallon Ostiraliya ne a gaba da tazara mai yawa, kuma wannan awon ya fi na telebijin nauyi, domin zumunta a ƙafa take: wanda ya fito cikin sanyin hunturu ya biya kuɗin jirgi da na ƙofa ya fi wanda ya danna maɓalli yana kishingiɗe ba da shaida. Idan zancen akwati ne, rugbi mai mutum 13 yana kafaɗa da kafaɗa da shi, kuma yana riƙe da jahohi biyu da suka haɗa fiye da rabin mutanen ƙasar. Balo tana da yara, amma ƙungiyoyinta na gida ba su kai ga mallakar zukatansu ba. Idan kuwa zancen riƙon amana ne, babu wasan da ya fi wani. Masu gwangwanin Footscray da masu tattakin Redfern iri ɗaya ne, ko da yake ɗayansu ba ya gane dokokin wasan ɗayan.

Abin da ya kamata shugabannin gasannin su riƙe shi ne, alƙaluman da suke gardama da su an yi su ne don ciniki da gidajen telebijin, ba su isa hujjar yanke hukuncin wace ƙungiya za ta rayu ba. Duk ranar da aka sake tunanin haɗe wata, ko ɗauke ta daga unguwarta, mambobinta ya kamata a fara tambaya, kuma ƙuri'arsu ta zama ita ce ta ƙarshe. Ma'aunin 1999 ya ce South Sydney ba ta da jama'a. A watan Oktoba na 2014 ta ci kofinta na 21, na farko cikin shekara 43, gaban mutum sama da dubu 80. Kafin a fara wasan an kaɗa tsohuwar ƙararrawar da aka buɗe wasanta na farko da ita a 1908, wadda masoyanta suka adana tun kwanakin da aka ce ƙungiyar ta mutu.